Saye, Gyara da Sayar da Tsofaffin Motoci: Inda Ribar Take Fitowa da Inda Take Zurarewa

Wanda ya hangi sana'ar tsofaffin motoci daga nesa zai ɗauka lissafinta bai wuce kalma uku ba: saya da araha, gyara, sayar da tsada. Da haka abin yake, da duk mai ɗan jari ya zama attajiri. A zahiri sai ka ga mutum biyu sun sayi mota iri ɗaya, ƙirar shekara ɗaya, a farashi kusan ɗaya, ɗaya ya fitar da tasa cikin mako uku da riba, ɗayan kuwa tasa ta shafe watanni a gareji tana cin kuɗi, har ya gaji ya sallamar ƙasa da uwar kuɗinsa. Wanda ya faɗi yakan ce rashin sa'a ne. Idan aka bi diddigi, galibi na farkon ya san abin da ya saya tun kafin ya biya, na biyun kuma sai da kuɗi suka bar hannunsa ya fara sanin motar.

Masana tattalin arziki sun daɗe da lura da wannan. A 1970 wani masani ɗan Amurka, George Akerlof, ya wallafa maƙalar da ya gina ta kan kasuwar tsofaffin motoci, tana kuma cikin ayyukan da suka kai shi ga kyautar Nobel a 2001. Abin da ya faɗa ba shi da wuyar ganewa. Mai mota ya san motarsa ciki da bai. Ya san ranar da ta taɓa yin zafi har ruwan lagireto ya tafasa, ya san ƙarar da take yi da sassafe kafin injin ya ɗumama. Mai saye kuwa fenti da kujeru kawai yake gani. Tunda ba zai iya bambance mai lafiya da mai ciwo ba, sai ya taya su duka da farashi ɗaya, na tsaka-tsaki, don ya kare kansa. Mai motar kirki ya ga tayin bai kai ba, ya fasa sayarwa. Mai motar da ke ɗauke da ciwo ya sallama ba musu. A haka kasuwa take cika da motocin da ake neman kai da su, tsoron masu saye ya ƙaru, farashi ya ƙara sauka.

Abin da wannan yake nufi ga ɗan kasuwar mota shi ne, a cikin farashin kowace tsohuwar mota akwai ragin da tsoro ya haifar, kuma ribarsa ta gaskiya tana cikin wannan ragin. Yana sayen mota da shakku a jikinta, ya sa ido da kayan aiki da bakanike ya gano ainihin lafiyarta, ya gyara abin da ke neman gyara, sannan ya miƙa ta ga wanda zai biya ƙari saboda an ɗauke masa fargaba. Ranar saye shi ne wanda ake iya ɓoye wa. Ranar sayarwa shi ne mai iya ɓoyewa. Duk sauran bayanin sana'ar yana rataye ne a kan waɗannan ranaku biyu.

Ranar saye ake yanke riba

Gogaggu suna fara lissafi ne daga ƙarshe su dawo farko. Tambayar farko ba nawa mai motar ya ce ba, nawa ake sayen irinta mai lafiya a yau, kuma farashin da ake sallamawa ake nufi, don abin da ake rubutawa a talla kullum ya fi abin da ake karɓa. A ce farashin nan 100 ne. Bakanike ya duba ya ce gyara zai ci 12. Sai ka ƙara rabin wannan, ya zama 18, domin da wuya a kwance mota ba a tarar da wani abu a bayan wanda aka je nema ba. Takardu, jawo motar, wanki, talla da la'adar dillali su ci 5. Zaman da za ta yi kafin ta tafi ya ci 3. Kana son riba 10. Ke nan motar nan ba ta wuce 64 a wurinka, ko da za ta yi kyau kamar me.

Wurin da mutane suke karya wannan doka shi ne gwanjo. Ana tayi, wani ya ɗara ka da kaɗan, zuciya ta ce ai ɗan ƙari ne, kafin ka ankara ka tsaya a 72. Ka ci gwanjon, amma ribarka ta koma 2 tun motar ba ta motsa daga inda take ba, kuma tayoyi biyu da ba ka lura sun mutu ba sun isa su cinye ta. Ga kuma kuɗin da gidan gwanjo yake ɗorawa a kan farashin da aka buga, wanda sabon shiga yakan manta da shi sai an miƙo masa takarda. Duk wanda zai shiga gwanjo ya rubuta iyakarsa tun a gida.

Sai tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi kowace muhimmanci: me ya sa motar nan ta yi araha? Wani lokaci mai ita ne yake cikin matsi, zai yi ƙaura ko bashi ya taso shi, yana son kuɗi a yau. Wani lokaci wata 'yar matsala ce ta tsorata shi, injin yana rawa, fitila ta kunnu a dashbod, ya ɗauka injin ya mutu alhali fulogi ne ko kwayil ɗaya. A waɗannan biyun akwai abinci. Amma akwai na uku, wanda ya san ciwon da kai ba ka gani ba, ya kai ta gareji an faɗa masa kuɗin gyaran, ya ga gara ya rabu da ita. Idan ka zagaya mota ka rasa dalilin araharta, ɗauka kawai kana gaban na ukun ne.

Kasuwar kuma ta duniya ce baki ɗaya. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna an fitar da ƙananan tsofaffin motoci miliyan 14 daga Tarayyar Turai da Japan da Amurka tsakanin 2015 da 2018, mafi yawansu zuwa ƙasashe masu tasowa. Kowace kasuwa da halinta. A Japan, binciken lafiyar mota na dole yana zuwa bayan shekara uku da sayenta sabuwa, daga nan duk bayan shekara biyu, kuma tsadarsa na cikin abin da ke sa mutane rabuwa da motoci da sauran ƙarfinsu. Gidajen gwanjonsu suna ba kowace mota takarda mai maki, da zanen jikinta inda aka sa alamar kowane ƙarce da kowace lotsawa. Makin R ko RA na nufin ta taɓa haɗari an gyara. A Amurka, kamfanoni irin su Copart da IAA suna gwanjon motocin da suka lalace har inshora ta biya masu su ta karɓe. A Birtaniya, tun Oktoban 2017 irin waɗannan motoci sun kasu huɗu: A da B ba sa komawa kan titi, S ta ji rauni a ƙashin jikinta amma tana gyaruwa, N kuma rauninta bai taɓa ƙashin ba. Wanda bai iya karanta waɗannan takardu ba yana sayen hoto ne kawai.

Duba mota

Kafin a buɗe bonet, a fara da lambar shasi, wato VIN. Tun 1981 aka daidaita ta a Amurka a kan haruffa da lambobi 17, kuma babu I, O ko Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Tana nan a ƙasan gilashin gaba, tana jikin ginshiƙin ƙofar direba, an kuma buga ta a ƙarfen shasi. Dole ukun su zo ɗaya, su kuma dace da takarda. Idan wurin da aka buga ta ya sha walda ko sabon fenti shi kaɗai, magana ta ƙare, a juya a tafi, domin motar sata ba ta da farashin da zai sa ta zama riba. Da wannan lamba ake neman tarihin mota a inda ake ajiye shi, kamar Carfax a Amurka, ko tarihin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT a Birtaniya, wanda ke nuna milejin da aka rubuta a kowane gwaji.

Mileji kuwa kada a yarda da shi don an gan shi a dashbod. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa ana sayar da motoci sama da 450,000 a shekara da milejin ƙarya a ƙasar, ƙasar da laifin yake da hukunci a dokar tarayya. Komawar mita zuwa na lantarki bai hana komai ba, ya ma sauƙaƙa wa mai kwamfuta aikin. Sai dai jikin mota ba ya bin mita wajen ƙarya. Robar birki da ta cinye har ƙarfe ya leƙo, sitiyarin da ya yi santsi, gefen kujerar direba da ya zauna, waɗannan ba sa faruwa a kilomita 60,000.

Injin a same shi da sanyi. Wannan sharaɗi ne da za a gindaya tun a waya, in an iso kuma a ɗora hannu a kan bonet a tabbatar. Injin da aka ɗumama kafin zuwanka yana ɓoye wahalar tashi, da ƙarar sarƙar taimin, da hayaƙin farko. Ka sa wani ya tayar, kai ka tsaya a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne yake ƙonewa, ringi ko silin bawul sun gaji. Farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi ruwa ne yake shiga silinda, galibi gaskit ya ƙone. Baƙi kuma mai ne ya yi wa iska yawa, wanda sau da yawa ƙaramin gyara ne. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba ƙarƙashinsa ko akwai kumfa mai launin madara, ka leƙa robar ruwan lagireto ko mai yana yawo a sama.

Sai na'urar karanta kwamfutar mota, wadda ake soka ta a wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Wannan tsari, wanda ake kira OBD-II, ya zama dole a Amurka tun 1996, Turai kuma ta bi da irinsa ga motocin fetur a 2001. Na'urar ba ta da tsada, kuma duk mai wannan sana'a da ba shi da ita yana aiki ne ido rufe. Amma ga inda ake yaudarar sabon shiga. Mai mota zai iya goge duk lambobin matsala da safe, fitilar cek injin ta mutu, ka soka na'urarka ta ce babu komai. Abin da za ka duba a nan shi ne gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta. Duk lokacin da aka goge lambobi ko aka cire batir, waɗannan gwaje-gwaje suna komawa farko, kuma ba sa kammaluwa sai mota ta yi tafiya mai ɗan tsawo a yanayi daban-daban. Motar da aka ce kullum ana hawanta, amma na'ura ta nuna yawancin gwaje-gwajenta ba su kammala ba, an yi mata shara ne kwanan nan, sai ka tambayi abin da aka share. Haka kuma idan ka murza makulli kafin tayarwa, dukkan fitilun gargaɗi su kunnu na ɗan lokaci. Wadda ba ta kunnu ba, musamman ta cek injin da ta jakar iska, an kashe bakinta ne.

Bodi ya fi injin wuyar ganewa kuma ya fi shi tsadar kuskure. Injin ko ya mutu ana sauya shi, shasin da ya karkace kuwa, in ba a miƙe shi daidai ba, motar za ta riƙa cin taya gefe ɗaya, kuma a haɗari na gaba ba za ta kare na ciki yadda aka ƙera ta ba. Kaurin fentin kamfani yakan tsaya wajen maikuron 100 zuwa 200 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), kuma akwai 'yar na'urar da ke auna shi. Inda ta nuna ninkin haka sau uku ko fiye, an cika wurin da fila, wato abin da ake shafawa a rufe lotsawa kafin fenti. Kusoshin da ke riƙe da bonet da ƙofofi da fenda suna zuwa da fentinsu daga kamfani, don haka in sifana ta taɓa su za ka ga shaida. Tazarar da ke tsakanin ƙofa da fenda ta zo daidai hagu da dama. A ɗaga motar a kalli ƙarafan shasi biyu da ke fitowa gaba: in akwai tamoji ko walda, ba ƙaramin bugu ta sha ba. Fenda da aka sauya ba abin tsoro ba ne, ragi kawai zai jawo. Ƙashin mota ne abin gudu.

Motar da ta nutse a ruwa ita ce mafi haɗari a wurina, don ita ce ta fi kowace kyau a ido. Bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey da ta mamaye Houston a 2017, motoci dubu ɗaruruwa ne ruwa ya shanye, kuma wasunsu sun dawo kasuwa bayan an sake musu rajista a wata jiha ko an fitar da su waje da takarda mai tsabta. Irin wannan mota za ta tashi, ta yi tafiya lafiya wata biyu ko uku, sannan wayarin ya fara ruɓewa daga ciki: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta rikice, jibi kwamfuta ta mutu, kuma babu ranar gamawa. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, don mai wanki ba ya kaiwa can, za ka ga layin da ruwa ya tsaya ko busasshen taɓo. Ka ɗaga safaya taya ka shafa ƙasan ramin. Ka duƙa ka kalli kusoshin da suka riƙe kujeru da ƙarafan ƙarƙashin dashbod, waɗanda ba a yi musu fenti ba, ko sun yi tsatsa. Ka zare soket ɗaya na waya a ƙarƙashin kafet, in ka ga kore-kore a bakin ƙarfen, ruwa ya kwana a wurin. Sabon kafet a tsohuwar mota da turare mai yawa su ma abin tambaya ne.

Gyaran da ke biya da wanda ba ya biya

Kuskuren da masu son mota suke yi idan sun shiga sana'ar shi ne su gyara ta kamar su za su hau. Mai saye ba ya biyan abin da ka kashe, yana biyan abin da irin motar take yi a kasuwa. Wanki mai kyau ciki da waje, goge fitilun da suka yi hazo, fitar da 'yan lotsawa, gyara na'urar sanyi, maye maɓallan da suka karye, kashe wata ƙara a ƙafa da sabon bushin, waɗannan kuɗinsu kaɗan ne amma suna sauya yadda mutum yake ji a minti biyar na farko, kuma a waɗannan mintuna yawancin ciniki yake ƙulluwa. Sauya injin ko giya kuwa ba ya ɗaga mota sama da farashin kasuwa, yana dawo da ita ne kawai inda 'yan uwanta suke, wani mai sayen ma jin an taɓa injin yana sa shi ja da baya. Saboda haka babban gyara ba ya halatta sai in an cire kuɗinsa gaba ɗaya daga farashin saye. Ƙafafun ado da manyan lasifika da sauran ƙawa kuwa kusan ba sa dawo da ko rabin kuɗinsu.

Zaɓen irin motar da za a yi harka da ita rabin aikin ne. Toyota Corolla, wadda aka fara ƙerawa a 1966 aka kuma sayar da sama da miliyan 50 zuwa 2021, ribarta a kowace ɗaya ba ta da yawa saboda kowa ya san farashinta, amma kayan gyaranta suna ko'ina, kowane bakanike ya san ta, kuma ba ta kwantai. Tsohuwar motar alfarma kuwa farashinta ne ya faɗi, kuɗin kayanta yana nan inda yake tun tana sabuwa, fitila ɗaya ko shakazoba mai iska na iya cinye ribar gaba ɗaya. Kowace ƙira kuma da ciwon gidansu. Giyar PowerShift da Ford ta sa a wasu Focus da Fiesta ta jawo ƙararraki a Amurka, a Ostareliya ma kotu ta ci kamfanin tara a 2018 kan yadda ya bi da koke-koken masu motocin. Wasu injinan in bel ɗin taimin ya tsinke fistin yana dukan bawul, gyaran ƙaramin kuɗi ya koma na kwance injin. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar sukan tsaya kan ƙira biyu ko uku su san su kamar yunwar cikinsu, maimakon su sayi duk abin da ya yi araha.

Akwai gyaran da ba a sa shi a ma'aunin riba, kuma a nan ba na sassautawa. Birki, taya, sitiyari, bel da jakar iska rayukan mutane ne. Taya tana da ranar haihuwa a jikinta: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, inda 2319 ke nufin mako na 23 na 2019, kuma tayar da ta tsufa tana fashewa ko da zanenta bai cinye ba. Motar da ta yi haɗari jakar iskarta ta fashe, wasu sai su toshe ramin, su rufe da sabon murfi, su sa 'yar waya da za ta ruɗi kwamfuta fitila ta mutu. Wanda ya yi haka ya sayar wa mutum mota da zai ɗauki iyalinsa a ciki yana zaton akwai abin da zai tare su, alhali babu. Wannan ya wuce wayon ciniki, ganganci ne da ran wani. Ko jakar da ba a taɓa ba ma tana buƙatar bincike. Kamfanin Takata, mai ƙera jakunkunan iska, ya yi amfani da sinadarin ammonium nitrate, wanda zafi da laima ke lalatawa da daɗewa har jakar ta tarwatse ta watsa ƙarafa a fuskar direba. An yi kiranyen jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, wato an nemi a kawo motocin a sauya su, gomman mutane sun mutu a duniya, kamfanin ya durƙushe a 2017, kuma har yau akwai tsofaffin motoci da ke yawo da su. Da lambar shasi ake dubawa a shafin kamfanin motar, kuma sauyawar kyauta ce a inda kiranyen yake aiki.

Idan an zo sayarwa, ni ina ganin faɗar gaskiya ita ce dabara mafi riba, ba don daɗin baki ba. Ka tuna ragin tsoro da aka yi magana a kai. Hotunan motar kafin gyara, rasiɗin kayan da aka saya, rahoton tarihi, da yarda mai saye ya zo da bakanikensa ya ɗaga ta, duk suna rage wannan tsoro, kuma abin da ya ragu na tsoro yana komawa farashi. Wanda ya ce "an sauya fendar hagu, ga hoton yadda take a da" ya kashe maganar. Wanda ya yi shiru har bakaniken mai saye ya gano da kansa, to daga nan komai na motar ya zama abin zargi, har abin da ba shi da laifi. Mai ɓoye aibi yana cin riba a mota ɗaya, amma sana'ar ta masu dawowa ce da masu turo 'yan uwansu, kuma neman sabon mai saye kullum ya fi riƙe tsoho tsada.

Doka ma tana da bakinta. A jihohin Amurka da dama akwai adadin motocin da mutum zai iya sayarwa a shekara, in ya wuce dole ya nemi lasisin dila, kuma sayar da mota ba tare da an mayar da takardarta sunanka ba laifi ne. A Birtaniya dokar kare masu saye ta 2015 ta ba wanda ya sayi mota a hannun ɗan kasuwa kwana 30 ya mayar da ita in ta zo da aibi. Ko'ina mutum yake, ya binciki ƙa'idar wurin kafin mota ta biyu, ya kuma tabbatar babu bashin banki a kan abin da zai saya, domin mai bashi yana bin motar ne duk hannun da ta shiga.

Saura lokaci, wanda shi ne kuɗin da ba a gani a rasiɗi. Motar da ke ajiye batirinta yana mutuwa, tayoyinta suna zaunawa, inshora da wurin ajiya suna ci, shekara tana juyawa ta ƙara mata tsufa a takarda, jarin da ke cikinta kuma ya daskare. Wanda ke cin riba 6 cikin 100 yana juya kuɗinsa duk wata ya fi wanda ke jiran 15 yana juyawa sau biyu a shekara, nesa ba kusa ba. Amma rage farashi yana da ciwo, shi ya sa mutum zai riƙe mota wata huɗu yana jiran wanda zai biya abin da ya sa a ransa. Gara tun ranar saye a yanke cewa in ta kai kwana kaza ba ta tafi ba za a rage kaza, a kuma cika alkawarin.

Kasuwar kanta tana iya juyawa da kaya a hannunka. A 2021 ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa motoci ya tsayar da masana'antu, sababbin motoci suka yi wuya, farashin tsofaffi a Amurka ya tashi da fiye da kashi ɗaya cikin uku a shekara guda. A lokacin ko wanda bai iya komai ba ya ci riba, da yawa kuma suka ɗauka gwanintarsu ce, suka ci bashi suka tara kaya. A 2022 kuɗin ruwa ya hau, farashin sari ya sauka da kusan kashi 15 cikin 100, hannun jarin Carvana, babban kamfanin sayar da tsofaffin motoci ta intanet, ya zube da fiye da kashi 90 cikin 100 a shekarar, ko da yake ya farfaɗo daga baya. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da masu zuba jarin da za su riƙe shi har ya farfaɗo.

Motocin lantarki sun zo da nasu salon. Da Tesla ta yi ta rage farashin sababbi a 2023, darajar tsofaffin ta bi ta sauka, kuma a Janairun 2024 kamfanin hayar motoci na Hertz ya sanar zai sayar da kusan 20,000 daga cikin motocin lantarkinsa a Amurka. A irin waɗannan motoci babu hayaƙin da za a kalla, babu baƙin man da za a shinshina. Mafi tsadar abin da ke jikinsu batir ne, kuma ƙarfinsa yana raguwa a hankali ba tare da wata ƙara ba. Garantin da yawancin kamfanoni ke bayarwa a kansa shekara 8 ne ko kilomita 160,000, don haka motar da ta kusa wannan iyaka farashinta daban ne da wadda ke da sauran shekara huɗu, ko da sun yi kama a ido. Kafin a taya, sai an karanta lafiyar batirin da na'urar da ta dace da ƙirar, an ga kashi nawa ya rage na ƙarfinsa na asali da ko akwai ɗakunan batirin, wato ƙananan sassansa, da suka fi sauran rauni, an kuma ɗaga motar an duba ƙasan akwatin batirin, domin lotsawa ɗaya a wurin tana iya sa inshora ta yanke cewa motar ba ta gyaruwa.